Tol a sama, zufa a ƙasa

Idan bazara ta kama a Dakoro, cikin watan Afirilu da na Mayu, ma'aunin zafi yakan zarce 40, kuma mai ɗakin siminti da rufin tol ya fi kowa sanin haka. Tun hantsi tol yake shan rana yana juye ta cikin ɗaki, har dare ya raba bango bai huce ba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango kuwa yakan riƙe zafin sa'o'i da dama kafin ya ratsa ciki. Duk da haka tol ne alamar samu a idon jama'a, ƙasa kuma ta zama abin kunya.

A shekarar 2020 majalisar ministocin ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take ciki, ta amince da umurni mai lamba 05/2020 game da tattalin makamashi a sabbin gine-gine. Manufarsa ita ce a tsara bango da rufi da tagogi yadda ɗaki zai yi sanyi ba tare da ya sha kuran mai yawa ba. Magana ce mai kyau. Sai dai takardar da aka sa wa hannu a babban birni ba ta hawa tsani tare da magini. A gari irin Dakoro, mai gida da magini ne suke yanke shawara a bakin fili, kuma tambayarsu ɗaya ce: buhun siminti nawa, tol nawa?

Wanda ya dogara ga fanka ya ga darasi a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa NIGELEC, wadda a lokacin ita ce kaso mafi yawa na wutar ƙasar. Sai cikin 2024 aka maido da ita.

Abin takaici, dabarar ba baƙuwa ba ce. Tun 1980 aka soma gini ba da itace ba a Chikal, cikin yankin Filinge: rufin baka da na ƙubba, da tubalin ƙasa zalla, ba azara ba tol. A Yamai, Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina gidajen «Niamey 2000» da bulon ƙasa da aka matse. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré bai ma jefar da tol ba. Ɗaga shi ya yi bisa rufin ƙasa, iska tana wucewa tsakani.

Ofishin magajin gari ne yake ba da izinin gini. Nan ne ya dace a fara tambayar kaurin bango, da fuskar da tagogi suke kallo, da abin da za a sa ƙarƙashin tol.