Tsibiri Ɗaya, Iyayengiji Biyu

A cikin kogin Bidasoa, tsakanin garin Irun na ƙasar Sifen da Hendaye na Faransa, akwai wani ɗan tsibiri da Faransawa ke kira Faisans. Tsawonsa kamar mita 200 ne, faɗinsa kuwa 40. Ba gida, ba gona, ba mai kwana a kansa. Daga 1 ga Fabrairu Sifen ke riƙe da shi, ran 1 ga Agusta ta miƙa wa Faransa, ita ma ta yi wata shida ta mayar. A kansa ƙasashen biyu suka sa hannu ga sulhun 1659 bayan doguwar gaba, yarjejeniyar Bayonne ta 1856 kuma ta mai da shi na tarayya.

Masu yabon wannan shiri suna da yawa. Mu dai ba za mu yi saurin tafi ba. Abin da ba ya kawo kwabo ba shi da wuyar rabo. Da ƙarƙashinsa akwai man fetur, da tuni mun ji wani labari dabam.

A dubi tsibirin Lete da ke kogin Kwara, inda akwai manoma da makiyaya. Nijar da Dahome, wadda yanzu ake kira Benin, sun yi ta ja-in-ja a kansa tun farkon mulkin kai. Da abin ya yi zafi a 1963, Nijar ta kori ma'aikatan Dahome daga ofisoshinta. Akawu da malaman makaranta, irinmu ke nan, waɗanda galibinsu ba su taɓa taka Lete ba, su suka ɗaure kaya. Sai a 2005 Kotun Duniya ta yanke cewa na Nijar ne.

Duk da haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu raina ɗan tsibirin Bidasoa. Ya nuna ƙasa biyu na iya cewa "namu" ba tare da ɗayarsu ta ji mutuncinta ya zube ba. Gobe wasunmu za su zauna a kwamitocin iyaka. Muna roƙonsu, kafin su shimfiɗa taswirar da Turawa suka bari, su fara tambayar masunta da masu kwalekwale da Fulanin da ke ƙetarawa da shanu da rani yadda suke raba ruwan da ciyawar tun kafin a ja layi.