Tsakanin siririyar Paris da "sha ka fashe": wa ke auna jikin ƴan matanmu?

A Outoul, ƙauyen da ke kimanin kilomita 20 daga Tamanrasset, wata ɗalibata ta nuna mini hotuna biyu a wayarta. Na farko wata mai tallan tufafi ce a Paris, ƙasusuwan kafaɗarta a waje. Na biyu yayarta ce ranar kai amarya, ta cika zane fam. Ta ce burinta ta hau dandali kamar ta farkon, amma gwaggonta kullum faɗa take yi wai ta rame kamar ba a ba ta tuwo.

Ma'aunin gwaggo ba sabo ba ne a yankinmu. Larabawan Azawak da wasu dangogin Abzinawa sun daɗe suna ɗura wa yarinya madara da gero kafin aure, Zabarmawa na da hangandi, a Muritaniya kuma ana kiran abin leblouh. A wurinsu ƙiba shaida ce ta gidan da ke da dabbobi da rufin asiri. Abin da ya sauya shi ne hanyar samun ta. Madara ta yi tsada, sai ƙwayoyi suka maye gurbinta: dexamethasone da cyproheptadine, irin waɗanda a Kano ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe", ana sayen su a kan tebur ba takardar likita. Na farkon yana kumbura fuska, yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi. Mai sha tana ganin ta yi jiki, alhali yawanci ruwa ne da kitsen ciwo.

Ma'aunin Paris shi ma ya ci rayuka. Bayan mutuwar Ana Carolina Reston ta Brazil a 2006 da Isabelle Caro ta Faransa a 2010, dukansu masu fama da cutar ƙin abinci, Faransa ta yi doka. Tun 2017 ba mai tallan tufafi da za ta yi aiki sai da takardar lafiya daga likita, kuma wanda ya ɗauke ta ba tare da ita ba yana iya biyan tarar yuro 75,000 da ɗaurin wata shida. Hoton talla da aka rage wa ƙugu a kwamfuta dole a rubuta hakan a jikinsa.

Mu fa? Muna da dandalinmu: FIMA, bikin da Alphadi ya fara a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas. Amma da aka yi rikici a kansa a 2000, a Yamai da Maraɗi, tsiraici ake magana, ba lafiyar yaran ba. Har yau, a ganina, mun fi damuwa da tsawon zane a kan abin da yarinyar ta haɗiya kafin ta ɗaura shi.

Ga iyalan Hausawa na kan iyaka lamarin ya fi wuya, domin ƙwayar na bin hanyar da mutane ke bi tsakanin Asamaka da In Gezam, kuma wadda takardunta ba su cika ba tana tsoron zuwa asibiti ko da fuskarta ta kumbura.

Ɗalibar tawa shekarunta 16. A makon da ya wuce aka kawo mata kwalbar ƙwayoyi cikin tsarabar biki, ta kawo mini in karanta mata rubutun da ke jiki.