Gajeren Suna Daban, Guntun Suna Daban

A 'yan shekarun nan iyaye da yawa, musamman ma'aikata mazauna birane, sun fi son raɗa wa 'ya'yansu maza gajerun sunaye. Wannan ba laifi ba ne. Ali, Isa, Musa da Nuhu duk gajeru ne, amma cikakku ne masu asali.

Abin da muke ƙi shi ne gutsure suna. "Abdul" rabin suna ne, domin ma'anarsa "bawan", ba a faɗi na wa ba. Kakanninmu sun san bambancin: liman ya raɗa Abdullahi ko Abubakar, a gida a kira Audu ko Habu.

Yau lamarin ya shafi takardu. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Yaron da takardar haihuwarsa ta ce Abdurrahman, ta makaranta kuma ta ce Abdul, zai sha zirga-zirgar kotu wajen neman takardar rantsuwa. Haka ma ma'aikaci in lokacin fansho ya yi.

Saboda haka muna kira ga iyaye su zaɓi cikakken suna, gajere ko dogo, su rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Malaman makaranta kuma su daina datse sunayen yara a rajista.