Kututturen Da Ke Gonarku Bai Mutu Ba

  

A hutun da ya wuce na je gida, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sabon Birni, na tarar ana sharar gona. Ƙannena suna sassabe sabara da kalgo, suna tarawa za a cinna wuta. Kakana kuwa yana zaune gindin gawo ɗaya tilo da ya rage a gonar. Na ce, "Kaka, da ma gawon nan shi kaɗai ne tun asali?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, yaushe aka haife ka? Wurin ga, da hannuna na kori barewa daga cikin wake. Gulbin can kuwa, har rani ya raba ana cin ɗanyen kifi." Na duba gabas da yamma, ban ga inda barewa za ta ɓuya ba. Gulbin da yake nunawa, rairayi ne fari fat, yara na ƙwallo a ciki.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: ina abubuwan nan suka tafi? Abin da na gano shi ne, gona da gulbi da namun daji da lafiyar jikinmu duk a igiya ɗaya suke ɗaure, kuma bakin igiyar yana gindin bishiya.

Mu fara da gona. A darasin kimiyya an koya mana cewa duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri 1 tun da aka fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur a masana'antu. Duk ƙarin digiri 1 yana sa iska ta riƙe ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa ruwa kan ɗauke makonni, in ya tashi zuwa kuma ya zubo kamar da bakin ƙwarya. To, idan irin wannan ruwa ya sauka a gonar da babu bishiya, babu ganye, babu karmami, ba ya tsayawa ya ratsa ƙasa. Gudu yake yi, ya kwashe ƙasar sama mai albarka ya tafi da ita. Kafin ruwan ma, iskar farkon damina kan kwaso rairayi ta binne shukar gero, sai a yi shuka sau biyu ko uku kafin ta tsaya.

Ina ƙasar da ruwa ya kwasa take zuwa? Gulbi take faɗawa. Yankinmu mahaɗar gulabe ce. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa ta ƙasar Isa. Gulbin Maraɗi kuma, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa Jamhuriyar Nijar, yana dawowa Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Dukkansu Gulbin Rima suke ciyarwa, shi kuma ya cika madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984. Idan rairayi ya cike gulbi, sai ya zama kamar faranti maimakon tukunya: ruwa kaɗan ya tumbatsa, rana kaɗan ya ƙafe. Mun ga fuskokin nan biyu. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Rima ta cinye garuruwa da gonaki, har ta karya gadar da ke kaiwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2018 kuma hukumar da ke kula da madatsar Goronyo ta sanar cewa ruwan cikinta ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da aka gina ta ta ɗauka, ta kuma ambaci ƙarancin ruwan sama da taruwar rairayi cikin dalilai.

Masunta su suka fi kowa jin wannan a jika. Yawancin kifin gulbi, irin su tarwaɗa da karfasa, a fadama suke hayayyafa lokacin da ruwa ya malala cikin ciyawa. Da kaka, in ruwa ya janye, sai su koma gurbi mai zurfi su yi rani a can. In rairayi ya cike gurbin, ina za su? Gaiwa ce kawai ke iya shiga taɓo ta jira wata damina. Kifi na raguwa, sai wasu su koma sa koma mai ƙananan idanu, su kwashe har 'ya'yan kifin, baɗi kuma abin ya ƙara lalacewa.

Namun daji ma haka. Barewa da zabon daji ba su ɓace don an tsine musu ba. Mafaka suka rasa, farauta kuma ta ƙarasa sauran. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Tun 2015 aka sa irin ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ana kashe ta don sayar da sassan jikinta, guba na kashe ta, dogayen itatuwan da take sheƙa a kai kuma an sare. Kada ku ce ina ruwanmu da ungulu. Ita ce ke share mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Shamuwa, wadda zuwanta ke yi wa manomi albishir da damina, fara take ci, ita ma a kan bishiya take sheƙa.

Daga nan sai abin ya iso jikinmu. Sanƙarau ya fi tashi a lokacin zafi da ƙura, domin busasshiyar iska mai ƙura tana raunana hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu hanyar shiga, ga kuma cunkoso a ɗakin kwana. A annobar 2017, Sakkwato da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa, kuma mutum fiye da 1,000 suka rasu a faɗin ƙasar nan. Bayan ambaliya kuwa, sai rijiyoyi su gurɓace a samu amai da gudawa, kududdufai su cika da sauro. In gero bai yi ba, kifi ya yi tsada, ƙananan yara ne ke fara ramewa da tamowa.

Wani zai ce, "To mu me za mu iya? Ba mu ne muka ɗumama duniya ba." Gaskiya ne, kasonmu a hayaƙin masana'antu ɗan kaɗan ne. Amma akwai ɓangaren da ke hannunmu, kuma ba sai mun je Turai neman darasi ba. Tsallaka iyaka kawai za mu yi, zuwa Maraɗi, wurin 'yan uwanmu Gobirawa da Katsinawa.

Bayan farin shekarun 1970, an yi ta dasa bishiyoyi a can, yawanci suna mutuwa. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostiraliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Toho ne na itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Tunda saiwar ta riga ta kai ga laima, ba ta buƙatar ban-ruwa. Abin da take buƙata kawai a daina yanke ta. Da farko manoma sun yi masa dariya, domin a wurinsu gona mai tsabta ita ce wadda ba ko kara a tsaye. Yunwar 1984 ta sa wasu suka gwada. Suka kira abin sassabin zamani. Daga baya masu bincike suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manoma ne suka yi, da lauje da gatarin da ke hannunsu.

Ga yadda ake yi. Ka samu kututturen da ya yi toho. Ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Ka rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawon kowane reshe. Ka ɗaura tsumma a jiki don kowa ya san da mai shi. Ka kare shi daga wuta da awaki, ka riƙa komawa bayan 'yan watanni kana gyarawa. Shi ke nan.

Na san abin da iyayenmu za su ce, domin an faɗa mini a gida. Babana ya ce inuwa za ta kashe gero, tsuntsaye su samu wurin sauka, ɓarayin itace kuma su sare da dare. Ba maganar banza ba ce. Amma gawo da damina yake zubar da ganyensa, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Ku duba da idonku, geron gindin gawo ya fi na fili tsawo. Sabara da kalgo kuwa, sassabe su ake yi daidai yadda ba za su rufe shuka ba. Maganar sata kuma, a ƙauyukan Nijar da abin ya yi nasara, mutanen gari ne suka haɗu suka kafa doka a tsakaninsu.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu mu 'yan Isa da Sabon Birni. Kowa ya san halin rashin tsaro da muke ciki, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Shiga daji neman itace ya zama kasada ga iyayenmu mata da ƙannenmu. Duk reshen da aka samu a gonar bayan gari, tafiya ɗaya ce zuwa daji aka rage.

Ban ci nasara a kan babana gaba ɗaya ba. Amma da Kaka ya sa baki, ya bar mini kututture biyar a gefen gona, ya ce mu gani. Ni ma abin da nake roƙonku ke nan. Kada ku je da gardama ko nuna kun fi manya sani. Ku nemi izini cikin ladabi, a bar muku biyar kawai a sharar bana. Wanda ba su da gona, ya duba filin makaranta, ya yi wa malamin aikin gona magana. Ku auna tsawonsu yau, ku rubuta a littafi, ku sake aunawa da kaka. Ku kuma tambayi tsofaffin gidanku sunayen itatuwa da kifaye da namun dajin da suka sani waɗanda babu su yanzu, ku aiko mana mu buga a wannan fili.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ku sa'ar jarrabawa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.