Sharhi: Masu Kujerun Saƙa Na Suleja Su Daina Gasa Da Roba

Duk wanda ya halarci walima a manyan ɗakunan taro na Abuja ya ga wata siririyar kujera mai ruwan zinariya da ake jerawa ɗaruruwa, wadda masu ba da haya ke kira Chiavari. Galibinta roba ce ko ƙarfe daga ƙasar Sin. Amma asalinta aikin hannu ne, domin wani kafinta mai suna Giuseppe Descalzi ne ya ƙera ta da katako, da mazauni na saƙa, a garin Chiavari na Italiya a shekarar 1807. Wato abin da attajiranmu ke biyan kuɗi su zauna a kai, kwaikwayo ne na sana'ar da muke rainawa a gida.

A Suleja akwai kafintoci, akwai kuma masu saƙar tabarma tun zamanin da garin ke amsa sunan Abuja, kafin sabon babban birnin tarayya ya karɓe sunan a 1976. Kujerar katako mai mazaunin kaba ko igiyar rama ba ta fi ƙarfinsu ba. Kuskuren shi ne neman karawa da kujerar roba wajen araha, alhali kuwa inji ne ke zubo ta, kuma ruwan sama bai dame ta ba. Kasuwar kujerar saƙa tana otal-otal da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa na Abuja, inda mai saye ke neman abin da baƙo zai yaba. Mazauninta na shan iska lokacin bazara, in ya tsufa a sake saƙa shi. Ta roba kuwa da ƙafarta ta karye sai bola.

Sai dai dole a faɗi gaskiya, laifin ba na roba kaɗai ba ne. Na taɓa ba da aikin kujeru shida, aka kawo mini babu biyu masu tsawo ɗaya, kuma hunturu na shigowa ƙafafun suka fara girgiɗi, saboda da ɗanyen katako aka yi su. Babu manajan otal da zai jure wannan sau biyu.

Darasin kuwa yana cikin garin. Sa'ad da Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, ba ta yar da zanen Gwari ba. An dai ƙara wa aikin gashi mai tsanani da sheƙi, sai ga tukwanenta a baje-koli a Landan, ga kuma hotonta a takardar Naira 20.

Haka kuma, jiran kariyar gwamnati ɓata lokaci ne. Hana masu shigo da kayan ɗaki kuɗin musaya na hukuma da Babban Bankin Nijeriya ya yi a 2015, an janye shi a watan Oktoba na 2023. Madobiya ma an yi mata saran rashin tausayi don kai wa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2016, saboda haka a koma ga itacen dashe irin su melaina.

Abin da ya rage aikin 'yan kasuwa ne: rumfar busar da katako, da ma'auni guda da kowane kafinta zai bi, da kafin alƙalami ga masu saƙa, ta yadda in otal ya nemi kujera 200 za a kai masa su iri ɗaya, a ranar da aka yi alkawari.