Ra'ayinmu: Fayil ma yana da hatiminsa

Babu ɗan kasuwar da zai karɓi kwantena daga Lome ko Kwatano bai duba hatimin da ke bakin ƙofarta ba. Amma wannan ɗan kasuwa, da ya shiga rumfar masu cajin waya a Jibiya, Konni ko Gaya, sai ya miƙa salularsa a tura masa manhajar aika kuɗi ta Xender ko ta katin memori, bai tambayi daga ina ta fito ba. Sunan fayil ba shaida ba ne. Ɓarawo na iya cusa abin satar lambar sirri cikin manhaja, ya bar sunanta da hotonta yadda suke.

Masana kwamfuta suna da nasu hatimin, wato lambar tantancewa. Dabarar ba baƙuwa ba ce a kasuwa. Duk mai sayar da waya ya san lambar IMEI da ke fitowa idan aka danna *#06#. Alƙalumanta 15 ne, kuma na ƙarshen daga sauran 14 ake lissafo shi, don a gane in an yi kuskuren rubutu. Haka ma alƙalamin ƙarshe na lambar kwantena.

Ta fayil ta fi waɗannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Hanyar da ake kira SHA-256 tana karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ta fitar da jerin haruffa da alƙaluma 64. In aka canza ko da sifili ɗaya a takardar farashi, jerin zai rikiɗe baki ɗaya. Mai aikawa ya lissafa tasa, mai karɓa ya lissafa tasa, a gwada. Kwamfutar Windows tana da umarnin certutil mai yin wannan aiki kyauta. Sai dai a guji tsofaffin hanyoyi: masana a Sin sun karya MD5 tun 2004, a 2017 kuma Google da wata cibiyar bincike ta Amsterdam suka fito da takardun PDF biyu mabambanta masu lambar SHA-1 iri ɗaya.

Abin da ya fi damunmu shi ne hanyar da lambar ke biyowa. A watan Fabrairun 2016 wani ya kutsa shafin Linux Mint, ya musanya fayil na gaskiya da gurɓatacce, ya kuma sauya lambar tantancewar da ke shafin. Wanda ya gwada da ita zai ga komai daidai. Don haka in dillalinka na Dubai ko Guangzhou ya turo takardar kuɗi ta imel, kada lambar ta zo cikin saƙon. A karanto ta ta waya, daga bakin wanda ka san muryarsa, a haɗa da lambar asusun banki.

Muna kira ga kamfanonin aika kuɗi da su riƙa buga lambar tantancewar manhajojinsu a shagunan wakilansu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su koya wa matasan rumfunan caji yadda ake dubawa. Kafin nan, duk manhajar da za ta taɓa kuɗi, a sauko da ita daga Play Store, ko da za ta ci data.