Marubuta, Ku Ji Tsoron Allah Game Da Mutanen Batsari Da Safana

Yau ba labari na kawo ba, ƙorafi ne, kuma da marubuta 'yan'uwana nake. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo cikin littattafan da ake sakin su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, wato labarin 'yan bindiga. Na karanta da dama daga cikinsu, kusan duk zubinsu ɗaya. 'Yar mai kuɗi ce daga Abuja ko Kano, a tare motarsu a kan hanya, a shige da ita Dajin Rugu. Can za ta tarar da Fulani waɗanda ba su wanka, ba su san Allah ba, ba su iya magana ba sai gwaranci. Mutanen ƙauyen da ke bakin dajin kuwa, ko wawaye ne da aka sa don a yi dariya, ko gawarwaki ne da ake ƙirgawa. Daga ƙarshe shugaban dabar ya zama kyakkyawan saurayi, wai ashe ɗan wani attajiri ne da aka sace yana jariri, sai soyayya ta ƙullu, a sha biki a Dubai. Sunan Batsari da Safana kawai aka ara don labari ya yi armashi, kamar yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire.

To, jama'a, waɗannan wurare akwai su, kuma akwai mutane a cikinsu. A watan Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙaramar hukumar Batsari. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, da Batsari da Safana a ciki, mutum ya yi makonni bai san ko mahaifiyarsa na raye ba. Yarinyar da ta gudo daga Wagini ko Runka tana zaune a gidan 'yan'uwa a cikin Katsina, ita ma tana da waya, ita ma tana karanta littafinka. Me kake so ta ji idan ta ga daren da aka kashe babanta ya zama share fagen soyayya?

Na san amsar da za a ba ni: ai ƙagaggen labari ne, nishaɗi ne, wasa ne. Bari in kawo misali daga inda abin wasa ne na gaske. A Amurka akwai wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Mutane ne ke zagaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani tauraro a ciki, ana jefa ƙwaya irin ta ludo don a ga wanda zai yi nasara. Tatsuniya ce dai wadda masu sauraro ke shiga cikinta, amma tana da manyan littattafai da ake sayarwa da tsada. A watan Agustan 2022 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da kundin Spelljammer, a ciki akwai wata al'umma mai siffar birai da ake kira Hadozee, aka ce wani matsafi ne ya kama su ya buɗe masu basira don ya sayar da su bayi. Masu karatu suka ga wannan da zanen da aka yi masu sun yi kama da irin izgilin da aka daɗe ana yi wa baƙar fata. Kamfanin ya nemi gafara, ya cire wurin, kuma kafin shekarar ta ƙare ya sanar cewa duk rubutu da zanen da zai buga sai masana al'adu daga waje sun duba. Shekara guda bayan haka, a 2023, masu saye suka sake gano cewa wasu zane-zanen wani sabon littafinsu da ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta aka haɗa su.

Ku lura da abu biyu. Hadozee babu su a duniya, duk da haka cewa wasa ne bai wanke kamfanin ba. Sannan kuskuren cin fuska da kuskuren rashin inganci ta ƙofa ɗaya suka shigo: babu wanda ya zauna ya duba aikin da kyau kafin a fitar.

Haka abin yake a wurinmu. Littafin da ya mai da Bafulatani dodo, shi ne dai za ka tarar bai bambanta ƙasa da kasa ba, bai san baƙi daban baki daban ba, ya haɗe kalmomin da ake rabawa, ya raba waɗanda ake haɗewa, tauraruwa ta fara da suna Zainab a shafi na 40 ta koma Zulaihat. Shi ne zai sa tsoho a Safana yana magana da Hausar Fagge, ko tahi da zamna babu a bakinsa. Shi ne zai kira hakimin Batsari da duk sarautar da ta zo masa, alhali Sarkin Ruma ne, na Safana kuma Yariman Katsina. Wanda bai damu ya tambayi sarautar gari ba, yaushe zai damu ya tambayi halin mutanen garin? Lalaci ɗaya ne ya haifi duka biyun.

Wani zai ce, to ƙarya aka yi? Ba Fulani ne da yawa daga cikin 'yan bindigar ba? Ban ce a ɓoye wannan ba. Cewa na yi a faɗi gaskiya cikakkiya. Ina makiyayin da aka kore wa shanu tun farkon fitinar ya wayi gari ba shi da ko ɗan maraƙi? Ina wanda 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa don kawai kamanninsa? Ina ɗan gari, Bahaushe, mai kai wa daji rahoto da man fetur da burodi? Ina mai fura da ta shekara 20 tana ƙawance da matan gari, yau tana tsoron shigowa? Nan labari yake, wanda zai sa mai karatu kuka ya kuma yi tunani. Raba mutane gida biyu, mala'iku da shaiɗanu, shi ne mafi sauƙin rubutu, kuma a ƙasar da ake zubar da jini kan wannan rabon, ƙara wa wuta makamashi ne.

Mu Hausawa ba baƙin tsokana ba ne. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. Amma wasan barkwanci yana da ƙa'ida: gaba da gaba ake yi, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma ba a yin sa a gidan makoki. Rubutun da nake magana a kai ya karya ukun duka.

Kada kuma wani ya ɗauki maganata ya ruga wurin hukuma. Mun ga wannan hanyar. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya hukumar, a hannun Abubakar Rabo Abdulkarim, ta matsa wa marubuta su yi rajista. Tun kafin nan an sha muhawara a jaridu kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme kowa ya ja nasa zaren. Waccan muhawara ta amfane mu, domin ta sa marubuta sun dubi aikinsu. Wutar kuwa ba ta koya wa kowa ƙa'idar rubutu ba. Kuma yau da littafi ke yawo a waya, wa zai ƙona shi?

Abin da muka rasa edita ne. Littattafan gasar 1933, su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai da suka bi ta hannun Rupert East a Zariya kafin su fito. Kana iya sukar yadda ya yi gyaransa, amma dai wani ya karanta. Yau marubuciya na rubuta shafi da daddare ta sake shi da asuba, don masu biyan kuɗin karatu suna ta kiran a ci gaba.

Shawarata ba ta da tsada. Idan labarinka zai shiga Batsari ko Safana, nemi mutum biyu daga can, Bahaushe da Bafulatani, su karanta kafin ka saki, kuma ka ba su ɗan abin sayen kati don aiki suka yi maka. Nemi malamin Hausa ya duba maka ƙa'idar rubutu. Idan ba za ka iya ba, ƙirƙiri gari ka ba shi sunan da kake so, ka bar masu makoki da makokinsu. Ku kuma masu karatu, kuɗinku ne ke juya wannan kasuwa. Ku daina yaba duk abin da aka zubo maku, ku riƙa tambayar marubuci: ka taɓa zuwa? Wa ka tambaya?

Allah Ya kawo wa mutanen Batsari da Safana da sauran ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, mu kuma Ya tsare alƙalumanmu daga zaluntar bayinSa. Wassalam.